Wasa Uku a Agusta

Amurka, 27 ga Yuli

Baffa Hamman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, ina gaishe da Inna da duk mutanen Gandun Kolo. Lafiyata ƙalau, in ban da ɗan yatsan hannun hagu da ya kumbura, shi ma likitan kulob ya ɗaure shi da na kusa da shi, ya ce in koma fili. Da fatan kunnen bai ƙara nauyi ba. Na san magana a waya ba ta yi maka daɗi, shi ya sa na zauna na rubuta. Kai ma ka rubuta a takarda ka ɗauki hotonta ka turo, kamar yadda muka saba.

Ka tambaye ni wane aiki na samu bayan gama jami'a. Ban samu ba tukuna, a bakin ƙofa nake. Wani kulob na ƙwararru ya kira ni sansanin horo. Ƙwallon nan ba irin wadda ake kallo a gidan kallon Modu a Haɗeja ba ce. Da hannu ake ɗaukarta, kuma ni a shekara huɗu da na yi ina buga wa jami'a sau biyu kacal na taɓa ta. Aikina shi ne in ture ƙaton da aka tsayar a gabana, in kai ga mai jefa ƙwallo kafin ya jefa. Kokawar da ka hana ni yi a bakin kogi ce dai, sai dai an sa mata hular kwano.

Mu casa'in ne a sansanin. Ranar Talata 26 ga Agusta za a bar hamsin da uku, sauran kowa ya haɗa kayansa. Takardar zamana a ƙasar nan kuwa a jikin aikin take. In ba a ɗauke ni ba, gida zan dawo.

Kakar wasa ta gaske sai Satumba. Kafin nan akwai wasa uku na share fage, Asabar 9, da 16, da 23 ga Agusta. Waɗannan ba a lissafa su. Ko an ci ko an faɗi, babu inda ake rubutawa. Manyan 'yan wasa ma tsayawa suke yi a gefen fili suna hira da dariya. 'Yan kallo suna gunaguni, suna cewa an sa su sayen tikiti don kallon mutanen da ba su san sunansu ba, masu sharhi kuma kowace shekara sai sun ce a soke su, tunda karya ƙafa kawai ake yi a banza. Da huɗu ne ma, aka rage ɗaya.

Abinci sai wanda ka ture, amma babu ɗanɗano. A gaya wa Inna ban rame ba.

Ɗanka,
Ja'afar


Gandun Kolo, Haɗeja, 3 ga Agusta

Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta zo, na karanta wa Innarka a ƙofar ɗakinta. Muna lafiya. Kunne yana nan yadda ka bar shi, ina jin abin da nake so. Damina ta yi kyau har ta so ta yi yawa. Shinkafar fadama ta rufe ƙasa, kogi kuma ya fara taɓa gindin gawon nan na mashaya, ciyawa ta toshe masa hanya yana neman wata.

Na yi ta juya maganar aikin nan naka. An tura ka karatun ruwa da noma, ka ɓuge da ture mutane. To, Allah ya sa albarka, halal dai ne.

Ga dalilin wasiƙar. Idon Innarka ya ƙara rufewa. Yanar ido ta gama da na dama, na hagu kuma inuwa kawai take gani da shi. Ran nan ta zuba gishiri a kunu. Likitocin ido za su zo daga Kano su yi aiki a asibiti a Haɗeja, sau biyu a bana, 23 ga Agusta da kuma wata rana a Oktoba. Ta ce ba za ta kwanta a sa mata ƙarfe a ido ba.

Da na shiga gari ranar Juma'a na biya wurin Modu na nuna masa abin da ka rubuta, tunda shi ne malamin ƙwallo a danginmu. Ya ce ai ya gane, wasan sada zumunci ke nan, irin wanda ko mutum goma ba sa shigowa kallo a gidansa. Ya ce ɗan wasa yana iya cewa cikinsa na ciwo ya yi zamansa, ba wanda zai tambaye shi. Sai na lissafa, Oktoba aikinka ya kankama, ba za a taɓa ka ba. Agusta kuwa ka faɗa da hannunka ba a lissafawa. Na je na rubuta sunanta a layin 23 ga Agusta.

Na dawo na gaya mata haka, na ce yaron nan a Agusta ba ya komai sai wasan banza. Ka san Innarka. Kai ɗan fari ne, tun da ta haife ka ba ta kama sunanka ba, ba ta taɓa aikawa a kira ka ba. Ko ranar da mahaifinka ya rasu ni na nemo ka. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce, “To, a ce wa wancan ya zo. In ya zo zan kwanta.”

Shekara ashirin da huɗu ban ji haka daga bakinta ba. Ka nemi izinin mako ɗaya, ka zo ka koma kafin ranar zaɓen. Ba sai ka riƙo tsaraba ba.

Baffanka,
Hamman


Amurka, 11 ga Agusta

Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, Inna kuma Allah ya ba ta sauƙi. Yatsa ya sace. Yanzu kafaɗa ce take magana, amma ba da ƙarfi ba.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma laifin nawa ne. Na rubuta maka abin da 'yan kallo suke faɗa, ban rubuta maka abin da mu muka sani ba. Ina jin kunyar in ce maka a tsorace nake, shi ya sa na yi ta ba ka labarin tikiti.

Gaskiya ne ba a lissafa wa kulob wasannin nan. Amma mu ana lissafa mana kowane taku. A cikin casa'in ɗin nan, mutum arba'in da biyar sun san suna ciki tun kafin su zo, su ne masu hira a gefen fili. Sauranmu gurbi bakwai ko takwas muke nema. A atisaye ba a bari mu kayar da mai jefa ƙwallo, kada a ji masa ciwo, kana zuwa kusa da shi za a busa usur. Saboda haka koci bai san ko na iya ƙarasa aikin ba sai a wasa da baƙi. Ana ɗaukar komai a bidiyo, kuma duk sauran kulob-kulob suna kallo. Wanda aka kora a nan, in bidiyonsa ya yi kyau, wani yana iya ɗaukarsa. Wanda ba shi da bidiyo kamar bai taɓa zuwa ƙasar ba.

Shekaranjiya aka yi na farko. An sa ni can kusa da ƙarshe, rabin 'yan kallo sun tafi. Sau goma sha ɗaya aka tashi ƙwallo ina cikin fili. Sau ɗaya na ture nawa har na taɓa rigar mai jefawa. An ci mu, ba wanda ya damu, amma jiya koci ya tsayar da bidiyon a daidai wurin nan ya ambaci sunana, ko da yake bai iya faɗarsa ba. Akwai wani yaro da muke neman gurbi ɗaya da shi, ɗakinmu ma ɗaya. Ya fi ni gudu, na fi shi ƙarfi. Mutumin kirki ne, yana kashe fitila in zan yi barci.

Wasa na uku, na ranar 23, shi ne komai. Ranar ba a sa manya ko na minti ɗaya, mu ne za mu buga daga farko har ƙarshe. Babu izinin mako ɗaya a nan, Baffa. Ba za su hana ni tafiya ba, za ma su yi mini addu'a irin tasu, amma kafin jirgina ya sauka sun kira wani.

Ka yi wa Inna bayani, a mayar da ita layin Oktoba. In an ɗauke ni, akwai makon hutu a tsakiyar kaka, zan roƙa in zo. In ba a ɗauke ni ba, ai ina gida. Amma ba ni zan ce mata a'a ba. Maganar da ta faɗa sau ɗaya a rayuwata ba zan iya tsallake ta ba, sai in ita ta janye. Ka rubuto mini abin da ta ce.

Ɗanka,
Ja'afar


Gandun Kolo, 14 ga Agusta

Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ruwa. Ya shiga gonakin ƙasa duka, ya kai bayan makarantar firamare. Na kai shanu tudu jiya. Waya tana ɗaukewa tana dawowa, an ce ruwa ya shiga injin turken sadarwa, don haka zan taƙaita, in tura kafin ta mutu gaba ɗaya.

Na gane, kuma na ji kunya. Shekara talatin ina horar da shanun huɗa. Da bazara nake ɗaura wa 'yan bijimai karkiya su ja gungume a busasshiyar ƙasa. Ba a shuka komai a wurin, ba a girbe komai, mai wucewa yana ganin tsoho yana wasa da ƙura. Amma a nan nake sanin wanda zai ja garma da wanda zan kai kasuwar Kafin Hausa. Tsofaffin shanu kuwa suna kwance a inuwa suna tuƙa, ba na taɓa su. Tun a wasiƙar farko ka rubuto mini zancen zaɓen nan ƙarara, amma na tashi na je na tambayi Modu, wanda bai taɓa horar da ko akuya ba.

Na yi wa Innarka bayani da shanun nan, nan da nan ta fahimta. Ta yi mini faɗa irin wanda ba ta taɓa yi ba, ta ce ni na sa ta buɗe baki. Ga abin da ta ce a rubuta, ban ƙara ba ban rage ba: “Ya zauna ya yi aikinsa. Idon da ya jira shekara uku zai jira wata biyu.”

To, ka ji. Ka zauna. Ranar 23 ka ture duk wanda aka tsayar a gabanka, shi ma yaron ɗakinku Allah ya ba shi nasa a wani wurin.

Baffanka,
Hamman


Amurka, 19 ga Agusta

Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ina faɗa ne kawai, don ban sani ba. Yau kwana takwas da na rubuto, ban ga komai daga gare ka ba. Na kira lambarka da ta Inna, a kashe. Ka saba ba da amsa cikin kwana biyu ko uku, in kuwa ka yi shiru na san abin da shirunka yake nufi. Haka ka yi mini wata guda lokacin da na bar makaranta na tafi kokawa Jahun.

An yi wasa na biyu ranar Asabar. Na buga kusan rabi. Na kayar da mai jefa ƙwallo sau ɗaya, karo na farko da na yi haka a cikin ƙwararru. Filin kusan babu kowa, amma na ji ihun abokan wasa. Koci ya ce mini ranar 23 da ni za a fara. Na so in yi murna, ban samu wanda zan gaya wa ba.

Jiya na samu Modu a waya. Ya ce ruwa ya zagaye Gandun Kolo, bai ga kowa daga can ba tun makon jiya. Na tambaye shi maganar Inna, ya ce shi dai abin da ya sani, ranar da ka sake shiga gari ka ce masa ta ce in zo, kuma ka rantse ba ta taɓa faɗar haka ba. Ya ce in da shi ne, da tuni yana hanya, wasan sada zumunci ai ba ya hana zumunci. Ban tsaya yi masa bayani ba.

Ko dai kun yi fushi, ko wani abu ya faru. Duk wanda ne a ciki, maganarta tana nan ba ta janye ba. Na shiga ofishin koci da safe. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce uwa ɗaya ce, shi ma da haka zai yi. Ya kuma ce ba zai yaudare ni ba, ba zai iya ajiye gurbi ga wanda bai gani ba ranar Asabar. Na ce na sani. Na mayar da hula da littafin dabarun wasa, aka sa hannu.

Gobe zan tashi, in sauka Kano ranar Juma'a in Allah ya yarda. A gaya mata ta shirya kwanciya.

Ɗanka,
Ja'afar


Kafin Hausa, 24 ga Agusta

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ina Kafin Hausa tun Juma'a da yamma. Mota ta tsaya a nan, ruwa ya yanke titi a gaba, hanyar Kaugama ma direba ya ce ba ta biyuwa. Jiya masu kwale-kwale suka ƙi tashi saboda ƙarfin ruwa. Wani mai sayar da buhuna, Malam Yunusa, ya ba ni shagonsa na kwana, ya ce ya san ka a kasuwar shanu.

Yau da hantsi ina shan shayi wasiƙarka ta shigo wayata. Na duba kwanan watan da ka rubuta a sama, 14 ga Agusta. Na ji a nan cewa jiya aka kwashe ku zuwa gari, wayarka ta samu hanya ta saki abin da ta riƙe kwana goma. Na karanta, na ƙarasa shayin.

Maganar shanun ta yi daidai. Da ka rubuta ta da Turanci da na tura wa masu sharhin can, sun shekara suna gardama ba su faɗe ta haka ba.

Ga sauran labarin, don kada ka ji a bakin wani. An cire sunana washegarin tafiyata, an kawo wani ɗan wasa mai zaman gida ya cike lamba. Jiya da yamma na kalli wasan a waya a shagon Malam Yunusa. Abokin ɗakina ya buga daga farko har ƙarshe, ya yi abin da ake so. Za a ɗauke shi ranar Talata, ko shakka babu, kuma ya cancanta. An ci su da rata mai yawa, mai sharhi yana hamma yana cewa Allah ya kawo Satumba. Wakilina mai nema mini kulob ya ce zai nuna bidiyon wasa biyun a wasu wurare, amma ya ce wanda ya bar sansani da ƙafarsa, kuma yana wata nahiya, da wuya a kira shi. Raina ya ɓaci, Baffa, ba zan ɓoye maka ba. Amma na duba ban ga wanda zan kama ba. Kai ka rubuta, ita ta janye, ni na taho.

A nan na ji cewa likitocin ma ba su samu wucewa ba, motarsu ta juya daga Jahun, an ɗaga aikin zuwa Oktoba.

Alfarma ɗaya nake nema. Inna ta riga ta san abin da wasan jiya yake nufi. In ta ji na bar shi saboda kiranta, ba za ta sake neman komai a wurina ba har ta mutu, kuma ba na son haka. Ka ce mata na buga na ukun, aka duba aka ce ban kai ba, shi ne na taho. Ba ta san nisan hanya ba, ba za ta lissafa kwanaki ba. Alhakin wannan ƙaryar a wuyana.

Mai kwale-kwale ya ce bayan Azahar za a gwada. Ya ƙare mini kallo ya ce a tsakiya zan zauna, kuma kada in yi motsi.

Ɗanka,
Ja'afar


Haɗeja, 24 ga Agusta

Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An sauke mu a wata makaranta a cikin gari, aji ɗaya mu gida huɗu. Shanu suna tudu, shinkafa ta tafi.

Wasiƙunka biyu suka shigo, ta 19 da ta yau. Alfarmar da ka nema ba za ta yiwu ba. Innarka tana zaune a tabarma ɗaya da ni lokacin da na buɗe, kuma da girma na koyi boko, ban taɓa iya karatu a zuci ba. Sai da na kai inda ka ce alhaki a wuyanka sannan na ji abin da bakina yake faɗa. Da na ɗago, duk ajin ni suke kallo.

Na ce mata laifina ne, ni na sa ranar. Ba ta kula ni ba. Ta tambaye ni jirgin sama kwana nawa yake yi zuwa can, na ce kwana ɗaya da wani abu. Ta tambaya yau wace rana ce, na ce Lahadi. Ta ƙirga a yatsunta, ta ce ai Talata ba ta yi ba, in rubuta maka ka juya daga nan, kada ka shiga kwale-kwalen, ka koma ka tsaya a gabansu su gan ka.

Na gaya mata an riga an cire sunanka, kuma wasan da za a duba an gama shi jiya. Na faɗa mata sau biyu, na biyun da ƙarfi, kamar ita ce mai ciwon kunne. Ta ce ta ji, amma duk da haka in rubuta.

To, ga shi na rubuta. Ta ce ka koma.

Baffanka,
Hamman